Sanarwar da ta hana mutane zuwa

Tun safe munka jera kujeru a firamaren Gatawa. Har azahar ba wanda ya zo sai wani tsoho makiyayi.

Sati uku na yi ina tsara sanarwar rabon irin gero na ƙungiyarmu, ta rediyo da mai shela.

Na ce, "Baba, saƙon bai iso ba?"

Ya ce, "Ya iso, ɗana. Amma kun faɗi rana da wuri a rediyo, kuma mutanen daji ma suna saurare. Na zo in ce maka kada ka jira kowa."

Munka mai da buhunan geron cikin mota, ga damina ta kusa.

Ban taɓa tunanin wa kuma ke jinmu ba. Ku ya kuke isar da saƙo a wurarenku?