Robar Share Gilashi

A zamanin Turawa ni ke tuƙa babbar motar wani attajiri, ina kwasar gyaɗa daga Karare da Batsari zuwa Katsina, daga can a wuce da ita ƙasar waje. Wata kaka na shiga kanti na zaɓi robar share gilashi mafi tsada, 'yar Ingila, sabuwa fil a kwalinta. Da na ɗaura ta a mota, wani tsohon direba ya gan ta ya ce, "Ɗana, cire ta ka ajiye a gindin randa sai damina. Don ƙasar ruwa aka yi ta, ba ta san ranarmu ba." Na ce a raina tsufa ke damunsa. So nake kowa ya gan ta a gaban mota.

Wata bakwai tana kwance a gilashi, rana na gasa ta. Ran da ruwan farko ya sauko ina hanyar Tsaskiya, na kunna ta. Tsinanniyar ta manne, ta yage, ƙarfen ya yi ta kartar gilashi. Ban ga inda ruwa ya cinye hanya ba. Mota ta kwanta a kwazazzabo, ƙafata ta hagu a ƙarƙashinta.

Attajirin ya zo ya zagaya motarsa sau biyu, bai ko tambayi ƙafata ba. Na koma garinmu Safana ina dogara sanda, fartanya ma ta gagare ni. Har yau in hadari ya haɗo gari ya ɗau murna, ni sai in ja ƙafata in shige ɗaki.