Gogaggen Takalmi a Ƙofar Zaure

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar takalmi gaban ogana ba. Lokacin ba a daɗe da cire Kebbi daga Sakkwato ba, ina masinja a sashen jin daɗin jama'a a Jega. Mutane da yawa sun dawo gida ba aikin yi. Sai ogana, Malam Bello, jami'in walwala, ya buɗe zama duk Talata a wani zaure bayan ofis. Ba a raba komai. Marasa aiki ke zuwa su faɗi abin da ke cin ransu, a ba juna shawara, mai son noman rani kuma a haɗa shi da manoman albasa na Aliero. Doka ɗaya ce: abin da aka faɗa a zaure, a zaure zai tsaya.

Aikina shimfiɗa tabarmi da tsaron takalma a ƙofa. Ni kuwa Allah Ya yi ni da wasu-wasi, sai in kulle ofis in dawo daga hanya in sake taɓa kwaɗon. To, cikin silifas da takalman roba na fara ganin wani sau-ciki baƙi, yana ƙyalli. Mai shi wani Garba ne daga Maiyama. Yakan zauna can baya, bai taɓa cewa uffan ba. Na ce a raina, wane marar aiki ke goge takalmi kullum? Kuma me ya hana shi neman taimako a garinsu? Zamanin soja ne, kowa na tsoron mai kai rahoto.

Ashe ba ni kaɗai na lura ba. Wata Talata Baba Alu na Katanga, dattijon zaman, wanda ya yi gadi har aka sallame shi, ya ja ni gefe.

"Kai Ummaru, wanga mai takalmin gwamna, mi ya kawo shi? Mu muna ta tona cikinmu, shi ko sai kunne."

Ranar ba wanda ya buɗe baki. Aka sha ruwa aka watse. Na san in aka sake haka, zaman ya mutu. Da safe na sami Malam Bello, na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin tsoron in ɗauki alhakin mutum, amma ina jin tsoron in yi shiru." Na faɗa masa komai.

Bai yi dariya ba. Ya ce ƙa'idar aiki ba a korar mutum kan zato, sai an ji ta bakinsa a keɓe, da shaida ɗaya. Ni ne shaidar.

Aka kira Garba, Malam Bello ya tambaye shi abin da ke kawo shi zaure. Sai ya ce, "Yallaɓai, tun damina anka sallame ni daga kamfani. Babana gona ya sayar ya yi mini karatu, ban iya gaya mishi ba. Kullum da sahe mai ɗakina ta goge takalmin, in hito kamar za ni aiki, in wuni tasha. Talata kaɗai nike da wurin zama."

Malam Bello ya tambaye shi ko ya yarda zaure ya ji. Ya yarda. Da Baba Alu ya ji, sai ya ce, "Haba ɗana! Irin wagga magana ai ba ɗa ka kai ta ga uba ba. Dattijo aka aikawa." Washegari ya sa babbar rigarsa, suka tafi Maiyama tare da Garba.

Talata biyu ban ga sau-cikin ba, har na shiga damuwa ko mahaifin Garba ya yi fushi, ko mun raba gida. Ta uku ina jera takalma sai na ga wani silifas da lakar fadama, daga ciki kuma na ji muryar Garba yana gardama kan dashen albasa, Baba Alu yana ce masa, "Gwamna, bari manoma su yi magana!"

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ba zan ce ku bar zato ba, ni ma ban bari ba. Amma ku kai shi inda za a tambayi mutum a keɓe. Wanda ya fi kowa gyara jiki a ƙofa, wani lokaci shi ne ya fi kowa buƙatar tabarmar.