Benci Na Bakin Ƙofa

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwa a wannan shafi, yau dai na ce bari in sauke nawa. A lokacin da abin ya faru, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ni gwauruwa ce a Kafanchan. Mijina ma'aikacin reluwe ne, ya rasu bai bar mini ɗa ba, dangina kuma suna can wajen Zonkwa. Ina sayar da citta da doya a bakin tasha, in koma ɗaki ni kaɗai. Abin da ya riƙe ni a garin shi ne zumuntar mata ta ƙaramar majami'armu. Ni ce mai ɗaga waƙa, sauran su amsa da tulu da ganga. In na ɗaura ankon zumunta da ɗankwalinsa, mantawa nake yi ba ni da kowa. Amma fa ina da baki, ina da taurin kai, wannan kowa ya sani.

Wata Lahadi da damina aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai bishararmu yana zaune ne a ƙetaren rafi, rafin ya cika, bai iya hayewa ba. Dattawa ma ba wanda ya leƙo. Muka taru mata zalla, sai wani tsoho makaho a gefen maza. Muka yi waƙa har muka gaji, ba mai buɗe sujada. Sai shugabar zumunta, tsohuwar da duk muke kira Mama, ta zungure ni ta ce in tashi mana, tunda ni na yi makaranta, ko za mu koma gida ne ba mu ji Maganar Allah ba? Sauran suka ce haka ne, in tashi. Babban Littafi Mai Tsarki yana kan mumbari, maimakon in sauko da shi sai na hau na tsaya a wurin. Na karanta, na ɗan yi bayani, na shiga addu'a. Akwai wata a cikinmu da cikinta ya sha zubewa, ranar kuma tana ɗauke da wani, tana kuka. Na ɗaga hannuwa ina roƙo dominta, ɗankwalina da ya jiƙe da ruwa ya zame ya faɗi ƙasa. Na ji faɗuwarsa sarai, amma na ƙi yanke addu'ar. Da na gama sai bakina ya zarce da sa albarkar nan ta rufe sujada, wadda a wurinmu fasto kaɗai ke yi. Wallahi ban shirya ba, tun ina yarinya nake jin ta.

Kafin sati ya zagayo magana ta kai kunnen dattawa, suka kira ni. Babban dattijo ya buɗe nassin da ya yi magana a kan rufe kai da shugabancin namiji, ya karanta mini a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce na hau inda ba a ba mace ba, na sa albarkar da ba tawa ba, na kuma yi addu'a kai a buɗe a gaban ikilisiya. Aka tambayi tsohon makaho, ya ce shi dai bai ga komai ba. Da na yi dariya a wurin, da wataƙila abin ya zo da sauƙi, amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce Baba, hawa mumbari da sa albarka na yarda kuskure ne. Suka ce to in tsaya gaban jama'a in ce addu'ar ma abin kunya ce. A nan na tubure. Na ce matar nan tana zaune tana jina, ba zan gaya mata roƙon da aka yi mata bai shiga ba saboda ƙyalle ya faɗi. Na ƙara da cewa ina mazan suke ranar da ruwa ya hana su fita? Kai, wannan kalmar ita ta gama ni.

Aka sa ni horo. Ga wanda bai sani ba, mai horo ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tarayya, ba ya riƙe wani aiki, wurin zamansa benci na ƙarshe a bakin ƙofa. Anko ma aka ce in ajiye. Abin da ya fi ci mini rai, matan da suka ce in tashi, in ban da Mama, ba wadda ta buɗe baki. Kowace tana tsoron mijinta, wasu mazan ma dattawan ne. A kasuwa sai su gaishe ni da sauri su wuce. Ranar taron zumunta ina jin tulu daga ɗakina, in rufe taga, in sake buɗewa. Na yi zazzaɓi na kwanta, ba wanda ya ƙwanƙwasa sai maƙwabciyata Inyamura da wata Bafillatana mai kawo mini nono. Ita wadda na yi wa addu'a ta haihu lafiya, aka kai jaririn gaban ikilisiya, na hango shi daga bencina. Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Duk da haka kowace Lahadi ina zuwa, in ɗaure kaina tam, in zauna ina jiran su zo su ba ni haƙuri. Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Daga baya, cikin 'yan majami'a Mama ce kaɗai ke zuwa wurina. Ta taɓa tashi a gaban dattawa ta ce ita ta sa ni, suka ce ta zauna, ba ita ta hau mumbari ba. Da ciwo ya kwantar da ita ta aika aka kira ni. Ta riƙe hannuna ta ce 'yata, ita tafiya za ta yi, kuma tana so ni in ɗaga waƙa a bakin kabarinta, cikin anko, kamar yadda ake yi wa kowace 'yar zumunta. Ta ce in je in durƙusa, dattawan ma sun gaji, neman hanyar sauka suke yi. Na ce to Mama, zan je. Amma na yi ta ja, yau in ce sai an gama girbin citta, gobe in ce sai bayan Kirsimeti. Ta rasu ban je ba.

Ranar jana'iza mata suka kewaye kabarin cikin anko, ni ina can baya da atamfar gida, cikin 'yan kallo. Da aka zo ɗaga waƙa sai wasu suka waiwayo suna nemana da ido. Wata yarinya ta ɗaga. Waƙar tana cike da bakina, ba ni da izinin fitar da ita. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko a mutuwar mijina. Washegari na je wurin babban dattijo na durƙusa. Ya ce in tashi, sun daɗe suna jirana. Bai ko tayar da maganar addu'ar ba. Ashe da na zo tun tuni, haka za a karɓe ni.

Har yau ina rufe kaina a sujada, da zuciya ɗaya nake yi, har yau kuma ban yarda Allah ya toshe kunne ranar nan ba. Amma na koyi cewa mutum yana iya riƙe gaskiyarsa ya kuma sunkuyar da kai. Iyayenmu dattawa, in kun sa mutum a bencin baya, ku riƙa waiwayawa, kada ku jira sai ya rarrafo. Mata 'yan'uwana, in kun tura ɗayarku gaba, ku tsaya a bayanta ranar tambaya. Ke kuma mai zuciya irin tawa, in akwai mai jiran ki sauko, ki sauko yau. An mayar mini da ankona, na ɗaga waƙa a jana'izar mata da yawa tun daga lokacin, amma wadda ta roƙe ni da bakinta ban yi mata ba.