Ranar da Na Je Maraɗi da Ƙafa

Ni ba ɗan wasa ba ne. Malamin firamare ne a Jibiya, kuma sai da na haura arba'in na fara gudu, shi ma likita ne ya sa ni. Jinina ne ya hau, ya ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Da fari tafiya nake yi bayan sallar asuba, tafiyar ta koma sassarfa, sassarfar ta koma gudu. Masu shayin bakin tasha sun sha tare ni suna tambaya ko lafiya, domin a garinmu idan ka ga babba yana gudu, bayansa za ka fara dubawa.

Jinin nan ya hau ne tun shekarar da 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen mahaifiyata, can wajen Riko, ina ciki. Ba na son ba da labarin ranar. Abin da ya maƙale mini shi ne ƙarar babura masu yawa suna tahowa tare. Tun daga nan, in na ji irin wannan ƙarar, nakan nemi wurin ɓuya.

Wata shekara da kaka, wasu masu gudu daga Katsina da takwarorinsu na Nijar suka shirya tseren zumunci daga Jibiya har Maraɗi. Nisan ya haura kilomita hamsin, ya ɗara gudun ya-da-ƙanin-wanin da muke gani a talabijin. Ban taɓa yin fiye da rabin hakan ba, amma na sa kaina. Da na faɗa wa matata, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta.

"Malam, Maraɗin da ake zuwa a mota?"

"Ita."

"Da jinin naka? Kuma ta wannan hanya? In ka faɗi a daji wa zai sani?"

Ni ma abin da ke cin raina ke nan. Yayana, wanda ke haya da babur, shi ya raba gardamar. Ya ce zai bi ni a baya da ruwa, in na gaza ya ɗauko ni.

Ranar muka tashi gari na wayewa. Ba mu da yawa, galibi samari ne sirara, ƙafafu kamar na barewa. Ni kuwa dogon wando na sa, da takalmin gwanjo. Har iyaka komai lafiya, ina jin kukan babur ɗin Yaya a bayana, shi kaɗai ne kukan babur da ke kwantar mini da hankali. A ƙofar iyaka, inda manyan motocin hatsi suka yi layi, jami'ai suka buɗe mana hanya, amma suka ce motar masu shirya tseren kaɗai za ta bi mu. Yaya ya roƙa, ba a yarda ba. Ya miƙo mini gorar ruwa ta saman igiyar shingen.

"Ka dawo mu koma gida," in ji shi. "Ba abin kunya ba ne."

Na karɓi gorar, na ce ya yi mini addu'a. Da na waiwaya, yana tsaye ya riƙe hularsa a hannu.

Bayan mun wuce Ɗan Isa samarin suka ɓace mini. Motar ma ta bi na gaba. Rana ta ɗaga, kwalta ta fara huci. An gama yankan gero, amma dawa na tsaye hagu da dama, ta fi tsawon mutum, kuma duk iskar da ta kaɗa sai karan ya yi motsi kamar wani na ratsowa. Ba na jin komai sai numfashina da tafin takalmina. Na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai na ji su. Daga nesa, a bayana, babura ne da yawa, a guje.

Ban san lokacin da na bar titi ba. Na tsinci kaina kwance rub da ciki a gonar dawa, bakina cike da ƙasa, ƙarangiya ta manne mini a wando da tafin hannu. Ƙarar ta yi ta matsowa har na ji ƙasa na rawa a ƙirjina. Na yi kalmar shahada. Ta tsakanin kara na hango su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗaure jarkoki har sun fi kansa tsawo. 'Yan fasa-ƙwaurin fetur ne. Ko kallon inda nake ba su yi ba.

Na yunƙura zan tashi, ƙafata ta dama ta ƙi. Jijiyar ƙwaurina ta ɗaure tamau kamar an sa dutse a ciki. Zuciyata kuwa tana dukan da ban taɓa ji ba, har cikin kunne. Na tuna likita ya ce in na ji ƙirjina ya yi nauyi in tsaya nan take. To nauyi ne wannan ko tsoro? Na kasa bambancewa. Na ce shi ke nan, a gonar wani zan mutu, a ƙasar wasu, sai masu yankan dawa sun zo su tarar da ni.

"Mushe! Kana ina?"

Wani ne ke ratso karan. Kalmar ta ƙara tsinka mini zuciya, sai daga baya na tuna haka mutanen Nijar ke kiran malamin makaranta. Wani dattijo ne cikin masu tseren, mai furfura a gemu, wanda muka gaisa da shi da safe na gaya masa aikina. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin Maraɗi. Ashe yana bayana, ya ga shigata gonar.

"Mi ya same ka?" ya tambaya yana haki.

"Baba, na ɗauka su ne."

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya kama tafin ƙafata ya tanƙwara shi sama, na yi ƙara.

"Ni ma na duba inda zan faɗa," in ji shi. "Ƙanena suka tare bisa hanya, har yau ba labari. Tashi, Mushe. Nan ba wurin kwana ba ne."

Muka hau titi tare. Gudun ya zama na ja-ni-in-ja-ka: mu ɗan yi sassarfa har wata bishiya, mu taka, mu sake ɗagawa. Ya ba ni dabino da ɗan gishiri a leda, na ce likita ya hana ni gishiri, ya ce yau dai likita ya yi haƙuri. Na sa hannu a ƙirjina don jin bugun zuciyata ya fi a ƙirga. Duk sanda na yi haka sai ya ce, "Tana nan?" in ce tana nan. A wani ƙauye mata suka ɗebo mana ruwa a rijiya, muka sha, muka yi alwala, muka yi azahar a gindin gawo. Da ƙyar na ɗago daga sujada.

Na ɗauka ni zan fara faɗuwa, sai ga shi dattijon ne. Muna cikin tafiya na ga yana karkata zuwa tsakiyar titi, yana magana ba kai. Na riƙe shi, na ji jikinsa zafi rau, kuma babu ɗigon gumi. Na zaunar da shi a inuwa, na juye masa sauran ruwana a ka. Idanunsa suka yi sama. Na yi ta kiran "Baba! Baba!" ina ɗaga hannu ga duk motar da ta gitta. Tsoron da na ji a gonar dawa bai kai wannan ba. Allah ya taimaka, motar masu tseren ta dawo neman na baya. Muka cicciɓe shi, ma'aikacin lafiyar da ke ciki ya fara neman jijiya.

"Shigo mu tafi," in ji direban. "Kai kaɗai ka rage."

Na riga na sa ƙafa ɗaya a ciki. Dattijon ya buɗe ido, ya dube ni.

"Hita," ya ce. "Maraɗi na nan gaba kaɗan."

Na fita. Har yau ban san ko daidai na yi ba, mai hawan jini, ba ruwa sai gora ɗaya da direban ya jefo mini. Gaba kaɗan ɗin nan ita ce tafiya mafi tsawo a rayuwata. Ƙafafuna sun daina zama nawa. Babura suka yi ta wucewa, kowanne sai tsigar jikina ta tashi, amma ba ni da ƙarfin sake shiga gona. Na sa ido a kan gefen kwalta, ina cewa in dai zan faɗi, in faɗi inda za a gan ni.

La'asar ta yi sanyi na shiga gari. A wurin da aka tsayar don ƙarewa har an fara kwashe kujeru. Wani ya hango ni ya yi ihu, waɗanda suka rage suka taso suna tafi, biyu suka sake miƙe zaren da aka riga aka naɗe don in ratsa. Na ratsa, na zauna a ƙasa. Na yi zaton zan ji daɗi, amma rawar jiki ce ta kama ni, haƙorana na haɗuwa, ga zafi ana yi.

Na tambayi dattijon, aka ce yana asibiti. Aka kai ni, aka auna jinina, aka ce ya ɗan hau amma ba na tashin hankali ba ne. Shi kuma na same shi kwance ana masa ƙarin ruwa, 'yarsa na zaune tana masa faɗa ƙasa-ƙasa. Ya tambaya ko na kai, na ce na kai. Ya ce to madalla, ya juya ya ce mata ta ba baƙo fura. Ta miƙo mini kwanon, hannuna ya kasa riƙe ludayi, sai da na kafa kai na sha.

A gidansu na kwana. Washegari na koma Jibiya a mota, ba takalmi, don ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga. Faratan manyan yatsun ƙafata duka biyu suka yi baƙi, kafin sati ya zagayo suka fita, na yi kusan wata ina shiga aji da silifa.