Irin Waken Baba Ɗanjuma

Har yau ban manta da ranar da na zuba irin waken Baba Ɗanjuma a na'urar ɗumama abinci ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a wajen Gwiwa, shekarata biyu da kama aiki, kaina cike da karatu.

Na'urar ta Madam Rifkatu ce, shugabar sashenmu. Da aka sa mana sola ta kawo ta ofis, ta kuma kafa mana doka. Kada a sa kwanon ƙarfe ko cokali, tartsatsi suke yi. Leda narkewa take ta manne wa tuwo. Ƙwai kuwa, wani ya gwada, ya fashe a ciki, muka wuni muna kankara. Tangaran kawai ta yarda da shi. Duk na haddace, har ina koya wa wasu.

Gab da damina Baba Ɗanjuma ya zo a kan kekensa. Dattijo ne da ke noma a wani ƙauye kusa da mu. Ya kwance ƙulli, wake ne tiya guda, ƙanana jajaye, irin da ya gada wurin mahaifinsa, kuma ba wanda ke shuka shi a yankin sai shi. Ƙwari sun shiga, ga shi abin da ya rage masa ke nan.

"Malam, na shanya har na gaji. Ko kuna da dabara?"

Ƙa'idar aikinmu a fili take. Kafin ka yi wa iri wani abu, ka ɗebi kaɗan ka gwada, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana biyar ka ga ko zai tsiro. Ni kuwa, uban 'yan gaggawa, sai na ce a raina ai wannan na'ura rana ce mai sauri. Na juye waken gaba ɗaya a tangaran, na kunna minti biyu. Ƙwarin suka mutu tas. Waken ya fito yadda yake, ko launi bai sake ba. Baba ya yi ta sa mini albarka.

Sai bayan sati uku nake ba Madam labari ina alfahari. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Sani, na'urar nan ruwan da ke cikin abu take dafawa. Ka dafa masa iri."

Nan take na fice daga ofis. Na hau babur na sami Baba a gona. Kunyoyin waken fayau suke, sai tsiro ɗai-ɗai da ba su kai a ƙirga ba. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Malam, ka yi haƙuri, na ɓata maka wahala. Ina jin na zurfafa rami ne. Idona ya fara rauni."

Na tsuguna na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Da har na yanke shawarar barin noma."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. In shawararmu ta kashe gona, manomi ba ya zuwa ofis ƙara. Kansa yake zargi, kuma in ba ka bi shi gonar ba, a haka zai tafi.