Mahfuzu Ilyasu da Zauren da Ya Rushe wa Mahaifinsa

Haihuwa da asali

An haifi Malam Mahfuzu a shekarar 1957 a garin Garuwa, a gidan Alhaji Ilyasu mai goro da maiɗakinsa Hajiya Aisatu. Kakansa Bakano ne wanda fatauci ya ajiye a bakin Binuwai, ya gina zauren ƙasa mai kaurin bango, ya dasa ceɗiya a yammacinsa. A wannan zaure Alhaji Ilyasu yake karɓar fatake, a nan ake kwance huhun goro, domin ko a tsakiyar bazara goro ba ya bushewa a cikinsa.

Karatu, aiki da aure

Bayan ya sauke Alƙur'ani, Mahfuzu ya shiga makarantar boko, ya kammala lise, wato sakandare, ta koyon sana'a a 1977, sannan ya yi shekara uku a Duwala yana ƙaro ilimin wutar lantarki, wadda mutanen gari ke kira kuran. Ya dawo gida ya kama aiki a wata masana'antar gurzar auduga, kuma a 1983 ya auri Nasiha, 'yar Malam Mahamat na Bogo. A wancan zamani Mahfuzu matashi ne mai ji da kansa, wanda duk abin da ba a jona wa waya ba yake yi wa kallon kayan da.

Rushe zaure

A 1988 Alhaji Ilyasu ya tafi aikin hajji karo na biyu. Al'adar unguwa ita ce a yi wa gidan alhaji shafen farar ƙasa kafin ya sauka, amma Mahfuzu ya ga shafe ya yi wa mahaifinsa kaɗan. Cikin mako shida ya rushe zauren, ya sare ceɗiyar don waya ta sami hanya, ya tayar da ɗakin siminti mai rufin kwano da tagogin gilashi, ya kafa na'urar sanyaya ɗaki. Ranar tarya, dattijon ya daɗe tsaye a kan kututturen kafin ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Mahfuzu. Amma ina inuwar?"

Amsar ta zo a watan Afrilu na 1989, lokacin da azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, kuran kuma ya riƙa yankewa da tsakar rana. Ɗakin ya zama tanderu, goro ya yi yaushi, fatake suka koma wani zaure. Alhaji Ilyasu ya ɗauke buzunsa ya koma gindin katangar maƙwabci, bai ƙara zama a ɗakin ba har Allah ya karɓi ransa a 1991. Bai taɓa yi wa ɗansa gori ba, kuma wannan shirun ne ya fi ci wa Mahfuzu rai. Ranar sadakar bakwai Mahfuzu ya dasa reshen ceɗiya a gurbin waccan, ya ɗaura niyyar ba zai mayar da zauren ba sai inuwarta ta kai bango.

Sabon tsarin aiki

A 1994 ya bar masana'anta ya buɗe nasa shago tare da Parfait, wani magini da ya iya buga tubalin jar ƙasa da injin matsa. Daga nan Mahfuzu bai ƙara ja wa gini waya ba sai ya yi kwana uku yana wuni a wurin, yana lura da inda rana ke bugu da inda iska ke shigowa. Sai ya sa a toshe tagar yamma, a ɗaga rufi, a faɗaɗa baranda, kana ya auna wutar da ginin ke bukata. Masu gaggawa suka guje shi, 'yan uwansa masu sana'a suka laƙaba masa Mai Gadin Rana, shi kuwa ya riƙa amsawa.

Da allunan hasken rana da batura da ƙwayayen fitila marasa cin wuta suka yi araha, sai tsarinsa ya yi daraja, domin ginin da ya riga ya yi sanyi allo kaɗan ke riƙe shi. A 2013 ya yi aikin wani ɗakin haihuwa a Bogo, inda allo shida suka ishi firjin magani da fankoki, alhali an ce masa sai ashirin. Bayan shekara biyu aka kira shi wata makaranta a garin Tignère, waɗanda suka guje shi kuma suka fara dawowa suna sosa ƙeya.

Mayar da zaure

A 2016 inuwar ceɗiya ta hau bango. Mahfuzu ya rushe ɗakin simintin da hannunsa, Parfait ya tayar da zaure na tubalin ƙasa a kan tsohon harsashi, Khaula 'yar Mahfuzu, wadda ta karanto aikin injiniya a Marwa, ta ɗora allo biyu da fanka guda. Ranar da aka gama Mahfuzu ya shimfiɗa buzun mahaifinsa a ciki, ya yi kuka a gaban jama'a bai ɓoye ba. Kafin shekara ta zagayo fatake sun dawo da huhunansu.

Rasuwa

Malam Mahfuzu ya rasu ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 2023, cikin azumi, bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a maƙabartar unguwa kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Nasiha da 'ya'ya huɗu: Ilyasu, Khaula, Kaltume da Mahamat, da jikoki tara. Kwana uku aka yi ana zaman makoki a zauren, kuran ya yanke a unguwar kowace azahar, amma babu wanda ya tashi neman inuwar katangar kowa. Allah ya sanyaya makwancinsa.