Ranar da Aka Zo wa Savino Ta'aziyyar Kansa

A garinmu Trani, idan ka ce Savino Mastrulli sai an tambaye ka wanne. Kakansu ne ya jawo. Maza biyu ya haifa, kuma dole duk wanda ya sami ɗa namiji na fari ya sa masa sunan tsoho. Matan 'ya'yan suka haihu a shekara ɗaya kamar masu gasa, sai ga Savino biyu. Gari ya raba su da laƙabi. Ɗaya Savino Ƙusa, don tun yana yaro yake gyaran jiragen masunta a bakin teku, kullum bakinsa cike da ƙusoshi. Ɗan baffansa kuwa Savino Jiƙaƙƙen Wando, saboda abin da ya kufce masa a coci ranar bikin waliyyin gari, yana ɗan ƙaramin yaro, a gaban kowa. Ya tsufa, ya yi jikoki, amma a bakin mutane wandon nan bai taɓa bushewa ba.

Wannan labarin Ƙusa ne.

Mutum ne mai taurin kai da ƙarancin magana. Ya auri Filomena, wadda ta fi shi baki nesa ba kusa ba, suka zauna a wani siririn gidan dutse a lungun bayan tashar jiragen ruwa, ɗaki bisa ɗaki, da soro a sama inda take shanya tumatir. Ɗakin saman ma shi ya ɗora da hannunsa. Suka haifi Mauro da Rosaria, suka sa su makaranta, makaranta ta yi musu abin da take yi wa 'ya'yan kowa a nan: ta kwashe su ta kai Arewa. Mauro na Torino, Rosaria na Milano. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, cikin watan Agusta, su ci, su yi wanka a teku, su ce gari ya lalace, su cika mota da man zaitun su koma.

Da gwiwoyi suka ƙi, Savino ya ajiye guduma ya koma karɓar fansho. Fanshon mai gyaran jirgi kuwa, in ka sayi burodi da magani ka biya wuta, sai ka zauna ka yi ta kallon kalanda.

Ana nan sai ɓarin jikin Filomena ya shanye. Ga matakala, ga mace mai jiki, ga tsoho da ba ya iya ɗaga ta. Dole a ɗauko mai jinya da za ta riƙa kwana a gidan. Ya kira Mauro a waya, yana nufin ya yi maganar kuɗi. Kafin ya buɗe baki Mauro ya fara ba shi labarin bashin mota. Savino ya ce, “To, a gaida yara,” ya ajiye.

Ya je banki. Suka ce za su ba shi rance a kan gidan, ba zai biya ko sisi ba yana raye, amma ruwan bashin zai yi ta hawa har ranar da za a fitar da gawarsa. Ya ce shi bai iya barci da kura a ƙarƙashin gado ba. Wani ya ce ya sayar kawai, su koma gidan tsofaffi. Filomena ta ji, da rabin bakin da ya rage mata ta zagi mutumin har kakansa.

Saura hanya ɗaya, wadda tsofaffi da yawa suke bi a ɓoye: ka sayar da ginin, ka riƙe zaman. Gida ya zama na mai saye, amma ba shi da ikon kwana ko sau ɗaya sai mai gida da matarsa sun mutu. Kuɗin ba ya kai na cikakken ciniki, kuma gwargwadon tsufanka gwargwadon abin da za a ba ka. Wato dai jininka ake tayawa.

Dillali ya fara kawo masu dubawa. Ba wanda ya kalli bango. Wata mata ta leƙa har cikin kwabar magunguna. Wani ya tambaya, wai cikin hira, “Mahaifinku ya yi tsawon rai kuwa?” Savino ya fusata ya haye matakala da sauri, ya sauko ko haki ba ya yi. Mutumin ya ce zai yi shawara, ba a sake ganinsa ba.

Dillali ya dafe kai. “Haba Baba Savino! Ka kashe mana kasuwa. Ɗan tari ma ba za ka iya ba?”

“Ni ba jaki ba ne da za a duba min haƙori.”

“To jakin ma da lafiyarsa ake yi masa kuɗi. Kai da rashinta za a yi maka.”

Savino ya dubi Filomena a kan gado. Da aka kawo na gaba, sai ga Savino dogare da sanda, da bargo a kafaɗa cikin zafin nan, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Wannan na gaban shi ne Gaetano, direban bas daga Andria, bawan Allah mai kunya, wanda yake cushe da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya a gidan surukarsa. Ya ji tarin nan, tausayi ya kama shi, lissafi ma ya kama shi. Aka je gaban lauya aka sa hannu.

Da kuɗin nan aka yi jinyar Filomena, har ta cika a kan gadonta, a ɗakinta, tagar teku a buɗe. 'Ya'ya suka zo jana'iza suna yaba yadda Baba ya iya tattalin fansho. Ya bar su a haka, ya ɓoye maganar sayar da gidan.

Shekaru suka yi ta wucewa. Sanda ta koma bayan ƙofa. Duk Kirsimeti da Ista sai Gaetano ya zo da ɗan kwalin alewa, ya zauna a gefen kujera.

“Baba, yaya ƙarfin jiki?”

“Ga magajina ya zo duba ko na nuna. Matso ka latsa.”

“Haba Baba, Allah ya ƙara lafiya.”

“Faɗi da ƙarfi, Allah bai ji ba. Ni ma ban ji ba.”

Gashin Gaetano ya fara fari, Savino yana nan.

A wani Agusta, Mauro da Rosaria suna gari, sai Jiƙaƙƙen Wando ya mutu. Aka liƙa sanarwar rasuwa a bangunan gari kamar yadda ake yi wa kowa: baƙin rubutu, suna, shekaru, a ƙasa kuma laƙabi, don ba wanda ya san mutum da sunan takarda. To amma babban ɗan mamacin yanzu mai kantin magani ne, yana sa taye. Ya ce ba za a liƙa wa ubansa jiƙaƙƙen wando a bango ba. Aka buga suna tsirara. Mu 'yan gari mun san wanda ya tafi, don mun raka shi. Ƙusa ma ya je, ya dawo yana cewa akwatin ba a yi masa aikin kirki ba.

Ranar Lahadi da ta biyo, Rosaria ta dafa taliya da miyar kifi, aka zauna. Savino ya lura ba a kawo jikoki ba, an tura su bakin teku. Ya san da magana.

Mauro ya gyara murya. “Baba, mun yi shawara.”

“Ku wa?”

“Ni da Rosaria. Ka ga abin da ya sami Baffa. Ba zai yiwu ka zauna kai kaɗai da matakalar nan ba. Akwai wani gidan tsofaffi kusa da ni, mai kyau, har da lambu. In aka sayar da nan, zai isa a biya, har a sami ragowa. Baƙi suna rububin gidajen bakin teku yanzu.”

“Ragowar ta wa?”

“Baba, ba wannan ce maganar ba.”

“Rosaria, ke ma da bakinki?”

Ta sunkuyar da kai. “Kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, Baba. Na gaji.”

“To in kun gaji, in hutar da ku mana.”

Ya ture faranti ya haye soro. Ya zauna cikin tumatir ɗin da yanzu shi yake shanyawa, yana tunanin ta inda zai fara gaya musu. Bai samo ba. Yana nan sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya matso bakin matakala ya kasa kunne.

Gaetano ne. Kwanakin baya ya biyo da bas ta cikin gari, ya ga sanarwar a bango, ya karanta suna da shekaru, ya tsaya har na baya suka yi ta yi masa oda. Ya bari aka ɗan kwana biyu don kunya. Yau ya sa baƙar kwat ɗin aurensa wadda ta daina rufuwa, ya zo da wani magini ɗan'uwan matarsa, abin awo yana leƙowa daga aljihunsa.

Mauro ya buɗe. “Lafiya?”

“Ku ne 'ya'yan Baba Savino? Sannunku. Allah ya jiƙansa. Ni ban ji da wuri ba, sai a titi na gani.”

Wani abu ya faɗi ya tarwatse a ƙasa. Kwanon miya ne.

“Me ka gani a titi?” Muryar Rosaria ce, amma Savino bai taɓa jin ta haka ba. “Wayyo Allah! Yaya, ya faɗo! Daga soro ya faɗo! Mu muka kashe shi! Baba!”

Ta banke Gaetano ta fita ba takalmi, tana zagaya gida tana duba ƙasa, tana kiran Baba kamar 'yar da ta ɓata a kasuwa. Tagogin lungu duk suka buɗe. Savino ya yi niyyar ya ɗan ƙara jira ya ji abin da za a ce a kansa, amma ƙafafunsa suka ƙi jira. Ya fara saukowa.

A ƙasa Mauro ya riƙe ƙofa, fuskarsa ta yi fari fat. Gaetano kuwa ya rikice, sai zuba yake yi. “Ni ba gaggawa nake ba, wallahi. Ku kwashe kayanku a hankali. Makullin ma ko ƙarshen wata ne. Wannan awo kawai zai ɗan yi.”

“Wane makulli?”

“Na gidan.”

“Wane gida?”

“Wannan. Ai… bai gaya muku ba?”

“Bai gaya musu ba,” in ji Savino daga kan matakala.

Magini ya yi alamar gicciye ya ja da baya har ya taka miya. Gaetano ya zame jikin bango ya zauna daɓas a ƙasa.

“Tashi, magaji, za ka ɓata kwat. Ɗan baffana ka karanta. Ni da saura.”

Rosaria ta shigo, ta gan shi a tsaye. Ta rungume shi har ya kusa faɗuwa, sannan ta shiga dukan ƙirjinsa da hannu biyu. “Mugu! Mugun tsoho!”

Mauro bai matso ba. “Baba, ka sayar da gidanmu?”

“Gidana.”

“Yaushe? Ina kuɗin?”

“Kana tsammani matar da ta yi shekara da shekaru tana juya uwarku, tana wanke ta, iska take ci? Na kira ka. Ka ba ni labarin mota.”

Har a tagar maƙwabta da ke fuskantar ƙofa an yi tsit, abin da ba a taɓa yi ba.

“Da ka faɗa,” in ji Mauro, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Da na faɗa, da tuni muna cikin lambun nan naka, ni da ita. Ta mutu tana jin ƙarar teku. Ni ma haka zan yi. Ba mai iya sayar da wurin nan ina numfashi, ba kai ba, ba wannan ba.” Ya nuna Gaetano da haɓa. “Tambaye shi. Ya fi kowa sani.”

Gaetano ya gyaɗa kai, hawaye na zuba. Har yau ba a san na kunya ne ko na ɗakin surukarsa ba.

Mauro ya ɗauki makullin mota ya fita. Washegari ya koma Torino da iyalinsa, ko man zaitun bai ɗauka ba. Sai wajen Kirsimeti ya kira, ya tambayi lafiyar gwiwa, ya ce ana ruwa a can.

Amma a ranar, magini yana ta laɓe-laɓe zai sulale, Savino ya damƙo hannun rigarsa.

“Ina za ka? Tunda ka zo da abin awo, hau soro. Rufin ɗakin sama yana yoyo tun bara. Lauya ya ce ƙananan gyare-gyare nawa ne, manya na mai gini.” Ya juya ga Gaetano. “Ko ba haka aka rubuta ba, mai gida?”

“Haka ne, Baba.”

“To. A sa min ƙarfen dafawa a matakala kuma, 'yata ta daina firgita in waya ta yi ƙara. Wannan ni zan biya. Rosaria, akwai sauran taliya? Zuba wa mutumin nan. Ya zo ta'aziyya tun daga Andria, ba za a sallame shi da yunwa ba.”

Ta share ido da bayan hannu, ta tsallake fasasshen kwano, ta ɗora ruwa a wuta.